Yadda mai ciwon firgici zai yi amfani da yoga ba tare da ya ƙara wa kansa ciwo ba

Ciwon firgici shi ne tsoro mai tsanani ya riƙa auko wa mutum babu gaira babu dalili: zuciya na dukan uku-uku, gumi, karkarwa, ƙirji ya ɗaure, har ya ga kamar ajali ne ya zo. Yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti 10, galibi ya lafa kafin minti 20. A fara da ganin likita, domin ciwon zuciya, asma da matsalar ƙwayar tayirod ta wuya duk suna kama da shi. Maganin da aka tabbatar shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam a tsarin gyaran tunani da ake kira CBT, da magunguna irin sertraline, masu ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu. Yoga, wato atisayen motsa jiki da sarrafa numfashi wadda asalinta Indiya ne, ƙari ce kawai. Kada a ajiye magani don an fara ta.

Babban amfaninta yana cikin numfashi, nan kuma aka fi yin kuskure. Mai firgici yana haki, sai iskar kabon da ke jininsa ta ragu fiye da kima. Wannan ke kawo jiri da jin yatsu da leɓe suna tsatstsafa kamar ana tsira allura. Saboda haka shawarar "ja dogon numfashi" takan ƙara dagula lamarin. Abin da ake so shi ne numfashi ƙarami, a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

Zauna a tabarma, bayanka a jingine, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Shaƙa ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar ta tsukakken baki kana ƙirga 6, kada ka riƙe a tsakani. Hannun ciki ne zai motsa. Wannan kusan numfashi 6 ke nan a minti. Yi minti 5, safe da yamma. In ya yi wuya, koma 3 da 4. In jiri ya taso, kana cika huhu da yawa ne, rage.

Sai motsi na kamar minti 10. Durƙusa a kan gwiwoyi da tafin hannu, ka gantsare baya lokacin shaƙa, ka yi doro lokacin fitarwa, sau 8. Daga nan koma kan dugaduganka, goshi a kan matashi, minti 2. A ƙarshe kwanta rigingine ka jingina ƙafafu a bango, minti 3 zuwa 5. Mai juna biyu, mai hawan jini da mai hawan jinin ido su tambayi likita kafin wannan na ƙarshe. Wasu in sun kwanta shiru ido rufe sai su fara jin bugun zuciyarsu, tsoro ya taso; irin su su bar ido a buɗe, su kafe shi a abu guda.

Guji salon numfashi mai sauri da ake kira kapalabhati da bhastrika, da dogon riƙe numfashi, da yogar da ake yi a ɗaki mai zafi, domin suna haifar da ainihin alamomin da kake tsoro. Rage goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari. Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu na iya tayar da firgici.

Lokacin kwanciyar hankali ake atisaye, kullum, na makonni. Idan firgicin ya zo, tsawaita fitar numfashi ka bar shi ya wuce, kada ka yi kokawa da shi. Wanda ya ɗauka numfashin ne ya cece shi daga mutuwa, tsoronsa ba ya raguwa. Amma ciwon ƙirji sabo mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko suma, ko tunanin kashe kai, wannan na asibiti ne nan take.