Yadda ake tsara kasafin kuɗi a garin da ke faɗaɗa

A fara da kuɗin da aka tabbatar za su shigo: kason wata-wata daga asusun tarayya, da harajin kasuwa da na tasha, gwargwadon abin da aka karɓa bara, ba abin da ake fata ba. A cire albashi tukuna.

Kafin a zuba kwalta, a gina lambatu da kwalbati. Titin da ruwa ke kwanciya a kansa, ta ƙasa yake fara lalacewa, sai kwalta ta farfashe. A sababbin unguwanni kuwa, a shata hanya tun wurin yana gona, don diyyar gona ba ta kai ta gidan bulo ba.

Ɗan kwangila a biya shi kashi-kashi, bayan injiniya ya duba aikin. Kowace rijiyar burtsatse a ware mata kuɗin gyaran famfo duk shekara.