Kurakuran masu ɗora zayyanar allo a waya da kwamfuta

Tun da samarin garinmu, nan gefen Ringim, suka gano ana samun na cefane da zana katin saukar karatu a manhajojin zane na PixelLab da CorelDRAW, kusan kullum sai an kawo mini aiki in duba. Kuskuren jiya shi ne na yau, har bakina ya gaji.

Babba shi ne ɗigo. Rubutun tsangayunmu na ruwayar Warshu ne: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Larabcin da ke cikin wayarka kuwa na gabas ne, fa ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ka ga ke nan almajiri zai karanta fa ɗinka a matsayin ƙaf. Ni wannan ta ci ni. Na zana wa ɗan yayana katin sauka, na je Kano aka buga mini ɗari biyu, na dawo ina taƙama. Alaramma ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, wa ya biya maka wannan?" Kuɗin bugu ya tafi, ga shi aya ce, ba a zubarwa a juji. Tun daga ranar nake aiki da salon rubutun kwamfuta (font) mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar kyauta a 2017 bisa hannun marubutan Kano. Duk da haka ba na buga komai sai alaramma ya gani. Ku da kuke cewa kwamfuta ba ta kuskure, ita ta yi sauka ko ku?

Na biyu, tsabta ta yi muku yawa. Alƙalamin gamba yana kauri inda aka danna, ya sirance inda tawada ta fara ƙarewa. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, ta takarda bagaruwa da kashin maƙera, shi ya sa tsohon rubutu ke komawa ruwan ƙasa. Sai yaro ya zaɓi baƙi wuluk da ja irin na tallan lemo, ya miƙe kowane layi da rula, ya ce wai zayyana ce. Ni feƙe alƙalami nake yi, in rubuta a takarda, in ɗauki hoto, daga nan nake cire launi da bakin layi. Ja kuma daga tsohon allon kakana na ɗauko shi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka haska fitilar waya a kan allo, ɗauki hoton a inuwa da hantsi. WhatsApp yana matse hoto, tura shi a matsayin fayil. Kuma ka yi sallama ka nemi izinin mai allo kafin ka ɗaga waya, an taɓa kora ta daga zaure a kan haka.