Yadda ake ziyartar tsofaffin coci-coci a karkarar Suffolk ta Ingila

Idan kana karatu ko aiki a Ingila kuma ka gaji da hayaniyar Landan, ware wata Asabar ka nufi Long Melford da Lavenham, garuruwa biyu a gundumar Suffolk. Ba sai kai Kirista ne ba. Yawancin coci-cocin karkara a buɗe suke da rana ga kowa, kuma ba a sayen tikiti.

Fara da zaɓen rana. Ka guji Lahadi: da safe ana ibada, bas-bas kuma sai an yi sa'a. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, gilashin tagogi kuwa ba ya nuna kyansa sai da haske, don haka daga Afrilu zuwa Satumba ya fi. Hau jirgin ƙasa a tashar Liverpool Street, ka canza a Marks Tey zuwa Sudbury, daga nan bas ya kai ka Long Melford. Duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka sauka, ka kuma tsara inda za ka yi azahar da la'asar, don ba za ka ga masallaci a waɗannan ƙauyuka ba.

Da ka isa cocin Holy Trinity, kada ka yi saurin shiga. Zagaya ginin tukuna. An sake gina shi ne tsakanin 1467 da 1497 da kuɗin attajiran ulu, John Clopton na kan gaba, kuma an rubuta sunayen masu ba da gudummawa a jikin bangon waje, ana roƙon a yi musu addu'a. A ganina nan ne daɗin ziyarar yake: ginin yana gaya maka wa ke da kuɗi a garin shekara ɗari biyar da suka wuce. A ciki, nufi tagogin ɓangaren arewa, inda za ka ga 'yan uwa da abokan Clopton a durƙushe cikin kayan zamaninsu. Nemi wani ɗan ƙaramin gilashi mai zomaye uku da ke raba kunnuwa uku kacal, amma kowanne ka duba sai ka ga kamar yana da biyu. Irin wannan tsohon gilashi ya yi ƙaranci a Suffolk, domin a 1644 wani jami'i mai suna William Dowsing ya bi coci-coci yana farfasa hotuna.

Ba a cire takalmi, amma al'adarsu namiji ya cire hula. Rage murya, kada ka hau kan kaburbura, ka jefa ɗan abu a akwatin gudummawa ko ka taɓa katinka a na'urar da ke kusa da ƙofa, saboda jama'ar gari ne ke ɗauke da nauyin gyaran rufi.

Daga nan sai Lavenham, tafiyar kusan mil huɗu. Mai ƙarfin ƙafa zai iya bin hanyar tsohon layin dogo, sai dai a sa takalmin da ba ya tsoron taɓo, kuma duk ƙyauren gona da ka buɗe ka rufe shi. Hasumiyar cocin garin ta kai ƙafa 141, iyalan Spring masu fataucin tufafi da John de Vere, hakimin Oxford na 13, suka zuba mata dukiya. Arzikin Lavenham daga shuɗin yadin ulu ya fito, wanda ake rinawa da wani ganye mai aikin baba, kamar dai yadda marinar Ƙofar Mata ta ɗaga sunan Kano. Labarin wannan sana'a yana cikin Guildhall da ke dandalin kasuwa, ginin katako da ƙungiyar National Trust ke kula da shi. Shi kam ana biyan kuɗin shiga.

Idan ka ratse wani ƙaramin ƙauye ka tarar da coci a kulle, leƙa allon sanarwa a zauren shiga. Sau da yawa a nan ake rubuta gidan da makulli yake.