Kurakuran da aka fi yi wajen canza oyil siwic a tsohuwar mota

In jar fitilar nan mai kama da buta ta fara ƙiftawa kana tsakiyar goslo a hanyar Ikorodu, abin da za ka fara ji a gareji shi ne: "Alhaji, ai siwic ne kawai." Wani lokaci gaskiya ne, don siwic ɗin yana tsufa, har ka ga baƙin mai na tsattsafowa ta bakin wayarsa. Amma babban kuskuren shi ne a canza shi ba a auna ƙarfin man ba. Aikinsa dama ya ba da rahoto ne idan ƙarfin mai ya faɗi, a yawancin motoci ƙasa da rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin man). Idan fitilar ba ta kamawa sai injin ya yi zafi yana silo, ka taka totur ta mutu, to akwai yiwuwar metal, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa, shi ne ya cinye, ko famfon mai ya gaji, ko datti ya toshe rariyar da ke cikin kaskon mai. Ka fara zaro sandar awo ka ga ko man ya cika. Sannan ka sa a kwance siwic ɗin, a ɗaura gejin awo a gurbinsa, a duba da injin a zafe, a silo da kuma an ɗaga totur. Bakaniken da ya ce ba shi da geji, ya aro. In awon ya nuna ƙasa, kashe motar, a jawo ta.

Mafi muni shi ne mai zare wayar ya ce ya gyara. A siwic mai waya ɗaya, da an cire wayar fitilar ta mutu ke nan, ba za ta sake kamawa ba har injin ya buga. Gane wannan ba wuya: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole butar ta kama, sannan ta mutu da zarar injin ya tashi. Duk mai sayen tokumbo ya yi wannan gwajin kafin ya biya.

Sai batun saye a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas. Je da tsohon a hannu, da lambar injin. Tsofaffin Toyota da Honda da Nissan galibi tiredinsu, wato zaren da ake murɗa siwic ɗin a kai, 1/8 BSPT ne, na wasu motocin Amurka 1/8 NPT, a ido kamar tagwaye, amma na farko zare 28 ne a inci, na biyu 27. In ka sayo wanda ba nasa ba, zai shiga zagaye biyu ya cije, yaron gareji ya danna da ƙarfi, tiredin bulok ya lalace. Tsofaffin Volkswagen irin su Golf 2 da 3 kuwa siwic biyu gare su, na 0.3 bar da na 1.8 bar, kuma kowanne da gurbinsa. In aka musanya su, ƙararrawa ta dinga damunka ke nan alhali lafiyar injin ƙalau.

Wajen ɗauri ma ana ɓarna. Tiredin BSPT da na NPT mai tsini ne, yana ƙara kauri yana shiga, don haka matsa shi fiye da kima na iya tsaga wurin, musamman in alminiyam ne. Fara da hannu, ka ƙarasa da dogon soket a hankali, kada a kama shi da filaya. Farin tef ɗin masu gyaran famfo da ake naɗawa rututu shi ma matsala ne: ta jikin tiredin siwic ɗin ke samun as, wato haɗuwar wuta da jikin injin, tef na iya raba su, ɓarɓashinsa kuma ya faɗa hanyar mai. Ɗan gam na tiredi ya wadatar, shi ma a bar zaren farko babu komai.

A bar injin ya huce kafin a taɓa. In an gama, a goge wurin tas, a tayar, a bar shi ya yi zafi, sannan a haska da tocila a ga ko akwai yoyo.