Yadda nake buga zane da roba, da salon tatu (zanen jiki da allura) da komik

Shekara uku ke nan ina sassaƙa roba ina buga zane a takarda a zauren gidanmu da ke Mabera, nan Sakkwato. Abin da ya ja ni shi ne layi mai kauri. Masu tatu da masu zanen komik duk ba sa wasa da shi: baƙi ya fito baƙi ƙirin, fari ya tsaya fari. Roba ma abin da take so ke nan. Ni ba na zana fatar kowa, addini ya hana, salon kawai nake ɗaukowa in kai takarda. Zumuncin bugun zane da tatu ma ya daɗe. A Japan, wajen 1827, wani mai zane, Kuniyoshi, ya yi amfani da sassaƙaƙƙen katako ya buga hotunan jarumai masu zane a jiki, har mutane suka riƙa sa a yi musu irinsu.

Ka nemi linoliyam, wato wata irin shimfiɗar daɓe mai kauri da ake iya sassaƙawa. In bai samu ba, je wurin masu sassaƙa hatimi ko masu gyaran takalmi ka sayi roba mai santsi. Sai 'yan wuƙaƙen sassaƙa guda biyu, mai baki kamar V da mai baki kamar U, da rola, da ɓallin gilashi, da cokali, da tawadar masu ɗab'i.

Fara da zane a takarda da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ba fensir ba, don fensir yana ruɗin mutum da inuwar da wuƙa ba za ta iya fitarwa ba. Zanena na farko da ya yi kyau furen lalle ne, na kwafo daga hannun ƙanwata ranar bikinta, na ninka kaurin layin. Inda kake son inuwa, yi 'yan gajerun layuka jere, ko ɗige-ɗige irin na tsofaffin komik.

A nan ake faɗuwa: duk abin da ka sassaƙa, a juye zai fito. Na taɓa ɓata yini guda a kan rubutu, ya fito sai da madubi ake karanta shi. Don haka ka shafa fensir a kan layukan zanen, ka kifa shi a kan robar, ka goga bayansa.

Wurin da kake so ya zama fari shi za ka cire. Wuƙa ta riƙa tafiya gaba, ɗaya hannun yana bayanta kullum. Lokacin hunturu roba kan yi tauri, sai in shanya ta a rana minti biyar ta yi laushi.

Ɗiga tawada kaɗan a gilashi, ka murza da rola har ka ji tana 'yar ƙara tsi-tsi. In ta yi yawa za ta cike ƙananan layuka. Shafa wa robar, ɗora takarda, ka goga da bayan cokali lungu-lungu, kana ɗaga gefe kana leƙawa.

Kowane bugu ka sa masa lamba da fensir a ƙasa, kamar 1/10, wato na ɗaya cikin goma, da sa hannunka. Wanke kaya da kananzir. Bugun kuwa a ɗaki nake rataye shi a igiya kwana biyu ko uku, taga a rufe, saboda ƙurar garin nan in ta hau ɗanyar tawada ba ta sauka.