Yadda Ake Shirya Tsohon Bangon Ɗaki Kafin A Yi Masa Sabon Shafe

Siririn shafen da magina ke kira sikiridin kaurinsa bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba, saboda haka duk aibin da ke jikin tsohuwar filasta zai sake bayyana a samansa idan ba a gyara shi tun farko ba.

A fara da ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, daga sama har ƙasa. Inda aka ji ƙarar ta yi kamar ta ganga, filastar ta riga ta rabu da bulo, sai a fasa wurin a cire. Wannan ya fi yawa a tsofaffin gidajen da aka shafa siminti a kan ginin ƙasa, domin su biyun ba sa riƙe juna da kyau. Tsaga kuwa a ɗan faɗaɗa bakinta, a share ƙurar ciki, a jiƙa ta, sannan a cike da kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 4.

Danshi shi ne babban abin lura, kuma a ganina nan ne masu gida suka fi yin gaggawa. Idan gindin bangon ya yi duhu, ko yana fitar da farin gari mai kama da kanwa, ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ko yake shigowa ta waje, musamman a gidajen da ke kusa da fadama. Sai an gyara indararo da magudanar ruwa, an bar bangon ya bushe sarai bayan damina ta ɗauke, kafin a taɓa shi. Farin garin gishiri ne, a goge shi da busasshen buroshi, domin wankewa da ruwa na mayar da gishirin cikin bango.

Fentin da ke ɓarewa a kankare shi duka, mai ƙyalli kuma a goge shi da samfefa har ya yi kaushi, a rufe hanci da takunkumi saboda ƙurar.

Daga nan a kashe wuta, a kwance soket da makunnai, a share bangon tas, a shafa masa gam ɗin gini da aka sirka da ruwa. A lokacin hunturu tsohuwar filasta kan zuƙe ruwan shafe nan take, shi ya sa ya kamata a rufe tagogi, a fara shafen yayin da gam ɗin ke da sauran danƙo.