Kama gidan haya a garin da ake biki

Ni ranar bikin nake fara dubawa kafin komai. Oktoberfest, bikin giya na birnin Munich da ke Jamus, a Satumba yake farawa, birnin Edinburgh ta Scotland kuwa watan Agusta cike take maƙil da 'yan kallon bukukuwan wasan kwaikwayo. A irin waɗannan garuruwa, ka kama gida tun da watanni, in ba haka ba sai ragowa.

Kada ka nace sai tsakiyar gari: kiɗa ba zai bari ka runtsa ba, ga tsada. Nemi unguwar da jirgin ƙasa ke bi. Tambayi mai gidan hawa na nawa ne, kuma ko akwai lif. Tsofaffin gidajen birnin Venice ta Italiya da yawa matakala ce zalla, kai kuma ga akwati niƙi-niƙi. Kafin ka biya, karanta nawa za a maido maka idan ka fasa.